Ara Mini Ko Aro Mini?

Amarya, saƙonki ya iso ni ranar Talata bayan la'asar, ina zaune a zaure ina jiran fura. Sai da na lalubo tabarau kafin na iya karanta shi, don rubutun wayar nan kamar jerin tururuwa yake a idona. Kin rubuta: "Kaka, please borrow me ten thousand." Na karanta, na sake karantawa, na ajiye wayar a kan buzu na yi ta dariya, har kakarki ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Na ce mata kishiyarta ce ta aike ni cin bashi.

Ba ta gane ba, ke ma na san ba ki gane ba tukuna. Nufinki in zura hannu a aljihu in ranta miki dubu goma. Abin da kika rubuta kuwa, in aka bi shi da ƙa'idar masu harshen, cewa ya yi in tashi in zaga gari in ranto miki dubu goma a wurin wani. Tsoho da ni, ɗan fansho, ga ciwon gwiwa, ina zan dosa?

Kada ki ɗauka dariyar raini na yi. Dariyar wanda ya hango ramin da ya taɓa faɗawa ce. Kalmar nan ta sa na yi wata huɗu ban iya haɗa ido da kawuna ba, kuma tunda kina karatun akanta, gobe takardun kuɗin mutane za su riƙa bi ta hannunki, gara ki ji labarin daga bakina.

A 1984 ne, shekarar da gwamnatin soja ta canja launin takardun naira. Ina ƙaramin malamin firamare, cikin waɗanda aka yaye da gaggawa don cike ajujuwan da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe. A duk layinmu ni ne mai Turanci. Wasiƙa in ta zo daga Ikko ni ake kawo wa, takardar asibiti ni, har takardar da ke cikin kwalin magani. Kai ya kumbura, ba sai na faɗa ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwar hatsi ne. Yana da wani amini direba da suka taso tare tun makarantar allo, wanda ya samu tsohuwar a-kori-kura za a sayar, kuɗinsa ba su cika ba. Kawu ya ce zai cika masa naira dubu biyu, ya biya bayan kaka biyu. Dubu biyun wancan zamani ba abin wasa ba ne. Albashina na shekara guda bai kai haka ba. Har yau ina ganin yadda kawu ya ɗaga gefen tabarma ya jawo ƙunshin leda, ya ƙirga Murtala ɗari cif, yana lasar yatsa. Lokacin naira ashirin, wato Murtala, ita ce babbar takarda. Shaidu biyu na zaune, ladanin masallacinmu da wani mai awo. Sai kawu ya ce, "Ɗan boko, ɗauko biro. Ka rubuta da Turanci, an ce ita hukuma ta fi ganewa."

Na yago fallen takarda daga tsakiyar littafin rubutu, na gyara zama, na zuba hannuna mai kyau. Na sa kwanan wata, na sa sunan kawu, na ce "has borrowed", na sa sunan direban, na sa adadin kuɗi da lamba da kalmomi. Har layi na ja a ƙasa da rula. Duk su huɗun suka dangwala yatsa. Babu wanda ya iya karanta abin da ya dangwala wa, ni ma da na rubuta ashe ban karanta ba.

Ba a yi shekara biyu ba direban ya kwanta ciwo, Allah ya yi masa rasuwa. A wurin jana'iza aka yi sanarwar da aka saba, cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa kafin a raba gado. Kawu ya bari aka yi sadakar bakwai, sannan ya saka takardar a aljihun gaba, ya ce in raka shi. Babban ɗan mamacin ma'aikaci ne a Kaduna, ya yi karatu fiye da nawa nesa ba kusa ba. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya karanta, ya yi shiru. Can ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma abin da na gani a nan, kai ne ka ci bashin. Mahaifinmu ne ke bin ka."

Ba zan ce yaron mugunta ya yi ba. Bai san da maganar ba, kuma kalmar da ke gabansa ma'ana ɗaya gare ta a ƙamus: wanda aka ce ya yi "borrow", shi ne ya karɓa. Na buɗe baki zan yi gardama, ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙamus ya buɗe mini a gaban mutane. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Magana ta kai gaban alƙali. Magatakarda ya duba takardar ya ce jimlar a karye take, amma kalmar dai ta mai karɓa ce, ba za a kafa hukunci a kanta ba. Mai awon nan da ya yi shaida ya riga ya rasu. Saura ladan shi kaɗai. Alƙali ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, a sha'anin dukiya shaida ɗaya ya isa in mai ƙara zai haɗa da rantsuwa. Kawu ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce shi bai taɓa dafa Alƙur'ani a kan kuɗi ba, ba kuma zai fara a kan amininsa da ke kabari ba. Ya ce ya bar wa Allah. Muka fito, yana gaba ina baya, har gida bai ce mini kanzil ba.

Abin da ya warware maganar ba takardata ba ce. Matar mamacin tana cikin takaba duk wannan bidiri, ba a gaya mata komai ba. Da ta cika wata huɗu da kwana goma ta fita, ta ji labari, sai ta tara 'ya'yanta ta ce malam ya yi mata wasiyya da bashin nan yana kwance, har sau biyu. Aka sayar da motar, babban ɗan da kansa ya kawo kuɗin, ya durƙusa ya ba kawu haƙuri. Kawu bai taɓa yi mini faɗa a kan wannan ba, ko sau ɗaya. Sai dai daga ranar, duk takardar da zai rubuta, wurin wani almajiri yake kai ta a rubuta masa da ajami. Yakan wuce ni a ƙofar gida da takarda a hannu, mu gaisa, ya yi gaba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

To bari in gaya miki abin da na zauna na koya bayan haka, da na san shi tun farko da ban sha wannan kunya ba.

Ba wai Hausa ba ta bambanta mai bayarwa da mai karɓa ba ne. Tana bambantawa sarai, sai dai a wutsiyar kalma take yi. Ki saurari bakinki: na ari keke, na ara masa keke. Na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi. Na koyi karatu, na koya masa karatu. Na sayi doki, na sayar da doki. Saiwa ɗaya ce, wasalin ƙarshe da ɗan "masa" ko "da" su ke nuna inda kaya suka dosa. Yaro ɗan shekara biyar ba ya kuskuren wannan. Turanci kuwa ba ya juya wutsiya, kalmar yake canjawa ɗungurungum. Saye "buy", sayarwa "sell". Koyo "learn", koyarwa "teach". Karɓar aro "borrow", ba da aro "lend". Mu da muka saba da saiwa ɗaya, sai mu kama "borrow" mu ce ita ce "ara", mu yi ta juya ta gaba da baya yadda muke juya tamu. Ita kuwa ba ta juyuwa.

Abin mamaki, ban taɓa jin ɗan kasuwar da ya rikita "buy" da "sell" ba, ko da bai taɓa shiga aji ba. Don haka nake ce wa ɗalibaina su jingina waɗannan a kan waɗancan. "Borrow" ƙanwar "buy" ce, kaya na tahowa wurinka, kuma abokiyar tafiyarsu "from". "Lend" ƙanwar "sell" ce, kaya na barin hannunka, abokiyar tafiyarsu "to". In kin ji bakinki zai ce "borrow to", ki tsaya, kin hau hanyar da na bi. In biro kike so a wurin ƙawarki, ƙofa biyu ce: ko ki sa kanki a gaba ki ce "Can I borrow your pen?", ko ki sa ta a gaba ki ce "Can you lend me your pen?" Wanda ke gaban jimla shi ke zaɓen kalma. In abin ya wuce, "lend" takan koma "lent", ba a ce "lended". Kada kuma ki haɗa ta da Lent mai babban baƙi, azumin kwana arba'in da Kiristoci ke yi kafin Ista. Kamannin rubutu ne kawai, ba dangi ba ne.

Ita "borrow me" da kika rubuta, in aka matsa mata, tana da ma'ana, kuma Hausa ta fi kowa iya fassara ta. Ki ce wa ƙaninki "ara mini littafi", kin san nasa kike so. Ki ce masa "aro mini littafi", kin aike shi ne ya karɓo a wurin wani. Wasali ɗaya ya raba su. "Lend me" ita ce ara mini, "borrow me" ita ce aro mini. Kin ga dalilin da na ce kin aike ni.

Akwai wurin da mu muka fi su. Mu muna raba aro da rance. Abin da za a mayar da shi shi kansa, kamar tsani ko tukunyar biki ko jaki, aro ne. Abin da za a cinye ko a kashe a mayar da madadinsa, kamar kuɗi ko kwanon gero, rance ne. Ba wanda zai ce ranta mini tsani sai a yi masa dariya. A littattafan fiƙihu ma hukuncin aro daban, na rance daban. Bature ba ruwansa, da sukari da mota da miliyan duk "borrow" yake yi. Wannan rashin bambanci har a siyasar Amurka ya taɓa jawo zance. A Disambar 1940, Jamus na ruwan bama-bamai a kan Ingila, kuɗin Ingila sun kusa ƙarewa, shugaban Amurka Roosevelt ya so ya ba su makamai ba tare da an ce sayarwa ko kyauta ba. Sai ya kawo misalin maƙwabcin da gidansa ya kama wuta: ba ka tsayawa ciniki, mesar ruwanka kake ara masa, in an kashe wuta ya mayar maka. Wani sanata mai adawa, Robert Taft, ya mayar masa da cewa ba da aron kayan yaƙi kamar ba da aron cingam ne, wa ke son a dawo masa da shi? Da Bahaushe na wurin da ya raba gardamar da kalma ɗaya, ya ce ranka ya daɗe, harsashi ai ba a aronsa, sai dai rance. Dokar ta fito a Maris 1941 da sunan Lend-Lease, kuma bashin da Birtaniya ta ci a ƙarshen shirin sai a Disambar 2006 ta gama biyansa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har masu jirgin yaƙi.

Sauran 'yan gidan ba su da wuya. "Loan" suna ne, shi ne rancen kansa. Amurkawa kan yi aikatau da shi a madadin "lend", Turawan Ingila na da sukan ɗan yamutsa fuska in sun ji, amma ko a can ko a nan mai bayarwa ne ke yin sa. In za ki biya kuɗi don amfani da abu, kin fita daga aro kin shiga haya, sai "rent" ko "hire". Abin da ba ya ɗaukuwa, kamar banɗakin gidan mutane, ba a "borrow" ɗinsa, "use" ake cewa.

Wadda nake so ki sa wa ido ita ce "owe", don tarkonta irin na farkon ne. Mu a Hausa mai kuɗi muke sa wa a gaba, mu ce ina bin sa bashi. Turanci wanda ake bi yake sa wa a gaba: "He owes me." Wanda ya fassara "yana bi na" kalma da kalma a kansa, ya ce "he owes me", ya juya bashin kenan, ya mayar da kansa mai kuɗi alhali shi ake bi. Na ga wannan a takardun jarrabawa ba adadi.

Na san abin da za ki ce, don ƙannenki sun riga sun faɗa mini: Kaka, kowa haka yake faɗa, kuma ana ganewa. Gaskiya ne. Daga Sakkwato har Fatakwal "borrow me" ake cewa, kuma ba mu kaɗai ba ne. A jihar Minnesota ta Amurka, inda jikokin Jamusawa da mutanen arewacin Turai suka yi yawa, ana jin ta a bakin fararen fata, don a Jamusanci kalma ɗaya kan ɗauki ma'anar biyu, kamar tamu. A Afirka ta Kudu ma ana faɗa. A Ingila kanta akwai masu juya abin ta ɗaya gefen, su sa "lend" inda ya kamata su sa "borrow". Ni ba na cikin tsofaffin malaman da ke ganin duk abin da ɗan Najeriya ya yi wa Turanci ɓarna ce. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da okada da danfo da Kannywood, na kuwa ji daɗi. Harshe rigar aro ce da ta daɗe a jikinmu har muka rage mata hannu. Amma okada ba ta cutar da kowa. Wanda bai san ta ba zai tambaya. "Borrow" kuwa wanda ya karanta ba zai tambaya ba, don yana ganin ya gane, kuma kishiyar nufinka ya gane. A bakin shago, kana miƙa hannu, fuskarka da hannunka suna gyara abin da bakinka ya ɓata. Takarda ba ta da fuska. Takan kai ranar da mai bayarwa ya tsufa, mai karɓa ya mutu, shaida ya yi tafiya, ita kaɗai ta rage tana magana.

Kuma zamaninku ya fi namu takardu. Mu sau ɗaya a shekara muke ganin yarjejeniya, ku kuwa a cikin waya take bin ku har gado. Da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki a Kebbi a Nuwambar 2015, sunansa Anchor Borrowers, na ji da kunnena wani manomi a majalisarmu yana cewa ai gwamnati ce "borrower", tunda ita ke bayarwa. Na ce masa a'a, kai ne, kuma sunan da kansa yana gaya maka za a dawo karɓa. Bai ji daɗin fassarar ba. Yanzu ga rancen ɗalibai da aka sa wa doka hannu a 2024, na san wasu ƙawayenki sun cike. Ga kuma masu ba da rance ta waya, waɗanda in ka makara kwana biyu sai su aika wa duk wanda ke cikin wayarka saƙon tozarci, har surukai. Duk takardar da aka miƙo miki, kafin ki duba yawan kuɗin, ki nemo inda aka rubuta "borrower" da inda aka rubuta "lender", ki ga a ƙarƙashin wanne sunanki yake. In kin ga "guarantor", to kin tsaya wa wani ne, in ya gudu ke za a kama, ko da ko sisi ba ki taɓa ba.

Na daɗe ina tunanin aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi ta sauka. Tun ina yaro na haddace ta, amma sai bayan abin da ya faru da kawu na lura da wani abu a cikinta: wanda ake bi shi aka ce ya yi shifta, marubuci ya rubuta. Da na bi wannan a ranar, da direban zan sa ya faɗa da bakinsa cewa ya karɓi kaza daga wurin wane, in rubuta da sunansa a gaba. Da "borrowed" ɗin nan tawa ta zauna daram a inda ya dace, ko da ban san "lend" ba. Na sa mai bayarwa a gaba don shi ne babba, shi ne kawuna, na ga rashin ladabi ne in fara da wani. Sannan da na gama, ban karanta musu ita da Hausa ba, su ma ba su nema ba, sun yarda da ɗan boko. Ke in an ba ki rubutun irin wannan, ki karanta wa kowa da harshen da yake ji, a gaban shaidu, ki tambayi kowannensu wa ya bayar, wa ya karɓa, nawa ne, yaushe za a biya. In kina shakkar kalma, ki sauka ƙasa ki ɗauki wadda ba ta da baki biyu: wane ya ba wane, wane ya karɓa daga wane, zai mayar ranar kaza. Ba a taɓa kai kowa gaban alƙali don Turancinsa ya yi sauƙi ba.

Wani abin dariya, a aji uku na firamare muke fara koya wa yara wannan kalma, a darasin ɗebewa. Biyu ba za ta ɗebe bakwai ba, sai mu ce a je gidan maƙwabci a aro ɗaya. Shekara talatin da biyar ina aro ɗaya a kan allo, ban taɓa mayarwa ba. Haka kalmomin da Hausa ta kwaso, irin su mota da tebur da asibiti, muna ce musu kalmomin aro, Turawa ma da sunan aro suke kiran irinsu, ba kuma wanda ya taɓa zuwa karɓar kayansa.

Na ga alama irin wannan aron kike nufi da dubu gomanki. Na ba ƙaninki katina ya je wurin mai POS na bakin kasuwa, ya ce sun shiga, ki duba. Kakarki ta ce in na kuskura na karɓi ko kwabo daga hannunki ba za ta ƙara dama mini fura ba, ni kuwa na ce ba a shiga tsakanin miji da amarya. Ki rubuto mini jimla biyu kafin Juma'a, ɗaya da sunanki a gaba, ɗaya da nawa, kowace da kalmarta. In sun fito daidai na yafe. In kin sake aike ni cin bashi, ranar da kika zo hutu ki taho da kuɗina, sababbi, ba irin waɗanda mai POS ke bayarwa ba.